Haƙorin Makkan Hajiya Habsu

Duk wanda ya san Tungar Rimi, wani ƙauye da ke can bayan Zugu, ya san dariyar Hajiya Habsu tun kafin ya san fuskarta. Mace ce gajera mai jiki, mai kiwon raguna, mai kaifin baki. In ta ƙyalƙyale a tsakar gida sai an jiyo ta a masallaci. Mijinta marigayi Malam Ubaidullah, malamin allo mai sanyin hali, ya yi shekaru yana cewa, "Habsu, sassauta," har Allah ya karɓi abinsa bai ga ta sassauta ba.

Da guminta ta je Makka, kuɗin raguna ne, ba wani ɗan siyasa da ya ba ta kujera, kuma tana so kowa ya san haka. Ta dawo da haƙorin Makka a sama, ɓangaren dama, dab da fiƙa. Daga ranar dariyar ta ƙaru. Ga ta da cin fure: kowane hantsi sai ta tauna goro ta goga furen taba, sauran haƙoran su yi jawur, na Makka shi kaɗai ya fito fes a tsakaninsu yana ɗaukar ido. Matan garin suna cewa ko saƙon mutuwa aka kawo, sai Hajiya ta samu ta inda za ta ɗaga leɓe. Sharri ne suke mata, amma ba duka ba.

Haihuwa kam ta yi ta, ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, ya rage Kamalu kaɗai. Shi ma da ƙyar ta ƙwato shi. Lokacin da haƙar zinari ta haukata samarin yankin, ya kwashi matarsa ya koma Dareta, yana niƙa dutse a tsakar gida kamar yadda kowa ke yi. Shekarar da gubar dalma ta riƙa ɗaukar yara, 'ya'yansa biyu suka bi, auren ya watse. Habsu ta je ta same shi zaune a bakin rami, ta kama kunnensa a gaban abokansa, da gemunsa da komai, ta ce ya wuce gida. Ta sayar da raguna ta saya masa babur, ya shiga kabu-kabu. Tun daga nan buƙatarta a duniya guda ce, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba: Kamalu ya fita lafiya ya dawo lafiya, shi zai binne ta, ba ita za ta binne shi ba.

Sai ciwon suga ya same ta. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ba iyaka, jikin nan da take taƙama da shi ya fara zubewa. Aka auna ta a asibitin Gummi, aka ɗora ta a kan magani, aka ce kowane wata ta dawo ranar masu suga. Kamalu ke kai ta a bayan babur, tana zaune tana ba shi umarni kamar ita ta koya masa tuƙi.

A can ne ta haɗu da Mardiyya, ma'aikaciyar lafiya, siririya mai tabarau, wadda kan tsaya a gaban bencuna ta yi wa marasa lafiya bayani kafin likita ya fito. Wata rana kan ƙafa, wata rana kan abinci. Ran nan sai ta ce yau maganar baki za a yi.

"Ku masu suga, bakinku ba irin na kowa ba na," in ji Mardiyya. "In suga ya hau, miyau ya ƙahe, dasashi ya kumbura shina jini, haure ya kama girgiɗi tun bai ruɓe ba. Ciwon bakin kuma shi ka ƙara tada sugan. Ku goge baki sahe da dare, da buroshi mai taushi ko asuwaki, a hankali, ba kamar mai kankare tukunya ba. Ku kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Wanda yag ga jini shi zo shi hwaɗi."

Habsu ta gyara zama ta ce, "Ke ɗiyar nan, tun ba a haihi uwakki ba nika asuwaki. Yau ke za ki gwada min wankin baki?"

Benci ya ɗauki dariya. Mardiyya ba ta ji haushi ba. Ta kawo ruwa a kofi ta ce Inna ta kurkure ta zubar. Ta kurkure, ta sake, har jan furen ya tafi. Sannan Mardiyya ta sa safar hannu, ta ɗan danna auduga a kan dasashin, ta ɗago ta nuna mata.

"Wanga ba hure ba na, Inna. Jini na. Hure ya daɗe shina ɓoye miki shi."

Ta kai yatsa kan haƙorin Makka ta taɓa, ya motsa. Habsu ta ji motsin har cikin kanta, ta yi maza ta rufe baki.

"Shi na yah hi ba ni tsoro," in ji Mardiyya, ta sassauta murya. "Ƙazanta na shiga ƙarƙashin ƙarhen, goga ba ta kai wurin. Ki riƙe wagga magana ko kin yar da sauran: kak ki bari kowa shi cire miki haure sai an auna suga an ga ya sauka. Raunin mai suga ba shi warkewa da wuri, bakinshi kuwa kusa da kai yake."

A hanyar komawa gida Habsu ta kwashe labarin kaf ta ba Kamalu, tana kwaikwayon muryar Mardiyya, har da gyara tabarau da babu shi. Kamalu ya yi dariya, amma shi ya riƙe maganar. Ita kuwa ta ɗauki rabi ta bar rabi. Ruwan gishiri ta yarda da shi, tunda ba saye ake ba. Fure kuwa ta ce sai dai a binne su tare.

Hanyar kuwa ta riga ta lalace. Ɓarayin daji sun mayar da ita gonarsu, suna fitowa da rana tsaka su girbi mutane, rediyo kuma tana ta sanar da cewa an ci ƙarfinsu. Wanda bai taɓa kwanciya rub da ciki a kan kwalta ba shi ke da bakin faɗin haka. Mutane suka koyi dabara. Mai hali ya daina sa shadda in zai yi tafiya, ya nemi tsumman riga da silifas ɗin roba, ya bar babbar waya a gida. Ɓarayin su ma ba barci suke ba. Suka koma duba tafin hannu, su ga wanda fartanya ba ta taɓa ci ba.

Wani wata babur ɗin Kamalu yana wurin gyara, Habsu ta shiga motar haya daga Zugu. Ba su yi nisa ba aka buɗe musu wuta. Taya ta fashe, motar ta ja ta tsaya a gefen kwalbati, samari masu rawani da bindigogi suka fito daga cikin dawa suna ihu. Aka zazzago kowa. Wani tsoho ya ɗaga hannu yana roƙo da sunan Allah, aka harbe shi a ƙirji bai ƙarasa ba, ya faɗi da carbinsa a hannu. Sauran aka jera su a durƙushe.

A ranar Habsu ta ga sabon salo. Bayan hannu, baki suke dubawa.

A jerin akwai Alhaji Sodangi, mai sayen hatsi na Zugu, ya sha wata yagaggiyar riga kamar ɗan ƙodago. Da aka zo kansa aka ce ya buɗe baki, sai ya datse. Aka sake faɗa, ya ƙara datsewa, hawaye na bin gemunsa. Ɗayan ya juya bindiga ya narka masa gindinta a baki. Habsu ta ji ƙarar, irin ta ƙwarya in an taka ta. Haƙora suka zubo a kan kwalta tare da jini. Yaron ya sa yatsan ƙafa yana tona su, ya duƙa ya tsamo mai walƙiyar, ya ɗaga sama.

"Ga Alhaji!" ya ce, suka kwashe da dariya.

Aka ɗaure Sodangi, aka ja shi gefe. Wata mata da ke kusa da shi ba ta jira duka ba, ta buɗe da kanta, aka ga nata, aka ja ta tana kiran sunan 'ya'yanta. Habsu na durƙushe da goro cike da baki, ta danne haƙorin da harshe kamar harshe zai iya ɓoye shi. Abin da ta fi so a jikinta, a ranar da za ta iya haɗiye shi da ta haɗiye. Saura kaɗan a zo kanta sai aka jiyo harbi daga wajen gari, 'yan sa-kai sun taso. Ɓarayin suka ɗora waɗanda suka zaɓa a kan babura suka faɗa daji.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa karya ta. Babban ɗan Alhaji Sodangi ne ya kai kuɗin fansa, don ba a aika bare. Suka karɓa, suka saki uban, suka riƙe ɗan. Aka sayar da gona aka sake kai wani kuɗin, sai gawarsa aka nuna wa mutane inda za su ɗauko. Habsu ta ji labarin tana ba raguna dusa, ta ajiye kwanon ta zauna a ƙasa. In ita aka ɗauka, wa zai kai? Ba ta da kowa sai Kamalu, kuma ta san shi, ko an ɗaure shi sai ya tafi.

Dariya ta ɗauke a gidan. Ta daina zuwa Gummi. Ta gwada rina haƙorin da fure, fure bai kama ƙarfe. Ta shafa baƙin tukunya da man kaɗanya, miyau ya wanke kafin ta kai ƙofar gida. Kamalu yana sayo mata ƙwayoyin da tsohon kwalin, amma ba mai auna ta, ga fargaba ta hana ta barci, sugan ya yi ta hawa abinsa. Ta koma kwana da buta, kiyashi na taruwa inda ta tsuguna. Dasashin ya kumbura, numfashinta ya sauya.

"Inna, mu tahi asibiti," in ji Kamalu. "In cirewa kika so, can za a cire miki, bayan an auna."

"In bi ta ina? Ta sama? Kahin in kai asibitin ai sai na bi hanya da shi cikin baki."

"To ki bar shi. Amma kak ki je wurin Sanda. Ke da bakinki kinka hwaɗa min abin da malamar nan tac ce."

"Na ji," ta ce. Duk wanda ya san Habsu ya san in ta ce ta ji da sauri haka, ba ta ji ba.

Sanda shi ne wanzamin garin, kuma tun abin da ya sami Sodangi kasuwa ta buɗe masa. Alhazai da hajiyoyi suna zuwa a ɓoye, ya sa bakin aska ya ɓanɓare kwanson ƙarfen, ya bar musu ɗan siririn haƙorin da aka goge a Makka. Mafi yawa lafiya suke tashi. Habsu ta bari sai da Kamalu ya fita da fasinja, ta aika aka kira shi. Ya shimfiɗa zabira a zaure, ya duba bakin, ya ɗan ja baya.

"Hajiya, dasashin ga ya nuna. An ce kuma kina da suga."

"Suga na cikin ciki, kai da baki kaka aiki. Mi yag gama su? Yi abin da yak kawo ka."

Ta san ƙarya take, don auduga mai jini tana nan a idonta. Shi kuwa bai san komai a kan suga ba, kuma ba a musu da Hajiya Habsu. Ya ce Laraba maƙwabciyarta ta riƙe mata kai. Ya sa aska, kwanson ya ƙi. Ya sake, askar ta zame ta tsaga dasashi, jini ya cika bakin. Sai ya ɗauko awartaki ya damƙi haƙorin ya murɗa. Habsu ta kafa dugadugai a ƙasa, ta riƙe ƙafar Laraba har farcenta ya shiga nama, amma ba ta yi ihu ba. Ya murɗa na biyu, ya fizga. Haƙorin ya fito gaba ɗaya, da ƙarfen da saiwar, saiwar baƙa ƙirin, da tsokar dasashi a manne. Wari ya tashi, Laraba ta kau da kai. Sanda ya cusa garin magani da auduga a ramin, ya tattara zabira ya fita bai ko tsaya sallama ba.

Habsu ta wanke haƙorin ta ƙulle shi a haɓar gyale. Sannan ta dubi Laraba, jini na bin haɓarta, ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

"Yanzu ni ba kowa ba ta," ta ce. "Su zo su diba."

Da la'asar Kamalu ya dawo ya ga ƙwaryar jini a bakin ɗaki. Bai tambaya ba. Ya zari sanda zai tafi gidan wanzami, ta daka masa tsawa da rabin baki, ya dawo ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Jinin bai tsaya ba sai washegari, ramin kuma bai rufe ba. Leɓe ya fara hawa, kunci ya bi, har idon dama ya rufe ruf. Aka yi gashi da tsumma mai zafi, aka sha rubutu, aka tauna kanumfari. Fuskar ta yi tauri tana sheƙi, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta koma kiran Malam Ubaidullah tana yi masa faɗa a kan wani rago da ya sayar da araha tun Kamalu na goye. Wata safiya ya kawo mata kunu, ta dube shi da ido ɗaya ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya ajiye kofin ya fita ya tada babur.

Ba ta iya zama da kanta, don haka aka yi mata yadda ake wa mara lafiya a ƙauyukan nan. Aka ɗora ta a bayansa, aka zagaya hannuwanta a cikinsa, Laraba ta kawo zani ta ɗaure su tare tamau. Iskar waje ta ɗan dawo mata da hankali.

"Kak ka bi hanyag ga," ta ce, maganar na fita da ƙyar.

"Ba ke kinka ce ma Laraba ke ba kowa ba ta?" in ji Kamalu. "Ashe ma kina da nauyi, Inna, duk da ramar."

Ta so ta zage shi, bakin ya ƙi. Sai ta kwantar da lafiyayyen kuncin a bayansa, tana gaya wa ranta cewa ai babu abin da za su gani.

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka iso kwalbatin nan. Ɓarayin suna nan. Biyu a tsakiyar hanya, ɗaya can gaba a gindin wani marke. Kamalu ya tsaya, ya sa ƙafa a ƙasa, amma bai kashe babur ɗin ba.

"Mara lahiya ta," ya ce. "Uwata ta. Ku dibi huskatta, don Allah. Asibiti za mu."

Ɗayan ya matso, ya toshe hanci da gefen rawani. Ya zaro wuƙa ya sa tsininta ya ɗage kumburarren leɓen. Habsu ta ji zafin kamar an sa mata garwashi, mugunya ta gangaro a kan wuƙar. Ya duba da kyau, sannan ya kira ɗan'uwansa.

"Zo ka gani. Sabon giɓi, kuma daidai wurin. Hajiya ta, cirewa tay yi." Ya juyo kan Kamalu. "Kuna ganin kun hi mu wayo? Duk wanda munka gani da giɓi nan, mun san abin da yat tashi. Kwance ta."

Habsu ta ji kowace kalma. Duk wahalar nan, da awartaki da jinin da kumburin, ashe alama ta sauya wa kanta kawai. Baƙin ciki ya taso mata har ya fi ciwon.

"Mutuwa za ta yi hannunku," in ji Kamalu. "Ba ta kai dare."

Aka kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗi. "In ta mutu ka sayi gawa. Kai za ka kawo kuɗin ai."

Abin da ta gudu ke nan, aka faɗa mata shi a kunne. Ta yi ƙoƙarin cewa ya bari su kwance ta, ya tafi, kada ya dawo ko an kira shi. Abin da ya fito gurnani ne kawai da miyau. Mai wuƙar ya kai hannu kan ƙullin zanin. Ta ji cikin Kamalu ya ɗaure a ƙarƙashin hannuwanta, sai babur ya yi kuka ya zabura. Mai wuƙar ya faɗi. Na gindin marken ya ɗaga bindiga daidai lokacin da suke gifta shi.

Ta ji harbin, ta ji jikin Kamalu ya zabura kamar mai shaƙuwa. Babur ya yi tangal-tangal, ya miƙe. Aka bi su da wasu harbin, suka wuce ta sama. Kamalu bai waiwaya ba.

"Riƙe ni, Inna," ya ce.

Ta riƙe. Can ta ji ɗumi na bin yatsunta, yana gangarawa cikin hannun rigarta. Zazzaɓi ya riga ya dagula mata kai, sai ta ɗauka gumi ne, har tana cewa a ranta yaron nan yana wahala, in sun koma sai ta yanka masa kaza. Ya yi ta magana a hanya, ba ta fahimtar rabi. Ya ce mata sun kusa. Ya ce ga rufin kwanon Gummi can. Daga baya ya yi shiru, babur ɗin na tafiya a hankali, a hankali, har ƙofar asibiti, inda ya kwanta da su a gefe ɗaya.

Mardiyya na cikin waɗanda suka rugo. Da aka ga zanin ya jiƙe sharkaf, kowa ya ɗauka jinin tsohuwar ne, aka rufu a kanta. Sai da aka kwance ƙullin aka raba su sannan aka ga ramin a ƙarƙashin haƙarƙarinsa. An yi abin da za a iya. Kafin azahar ya cika. Aka yi masa sutura a nan Gummi, uwarsa na kwance da ƙarin ruwa a hannu, ba ta san inda take ba.

Aka tsaga kuncin aka fitar da mugunya, aka yi ta fama da sugan har ya sauka, wasu haƙoran da suka riga suka mutu aka cire su. Da ta farfaɗo, bakinta cike da auduga, da ido ta riƙa tambaya, tana duban ƙofa. Mardiyya ce ta zauna a bakin gadon ta gaya mata, ba ta yi kwana-kwana ba. Habsu ba ta da bakin kuka. Ta dunƙule hannu ta naushi bakin nata, ta sake, ta sake, ɗinkin ya ɓalle, jini ya ɓata matashin kai. Sai da mata uku suka danne ta.

Ba ta koma Tungar Rimi ba. Ta aika Laraba ta sayar da ragunan, ta kama ɗaki a Gummi a unguwar da ke kusa da maƙabarta. Kuncin dama ya lotsa, da tabo daga gefen hanci zuwa kunne, maganarta na fita ta gefe guda. Fure kuwa ko a hannun wata ta gan shi sai ta kau da kai.

Ranar masu suga ita ke riga kowa zuwa. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba wanda kuma ya isa ya hana ta. In Mardiyya ta gama bayaninta cikin ladabi, sai Habsu ta miƙe ta bi bencuna ɗaya bayan ɗaya. Ba ta lallashi. Dattijo mai furfura sai ta ce masa, "Buɗe, ba surukata kake ba." Ta leƙa, ta ce wannan dasashin jini yake, a kai shi ciki. Mai cin fure ta sa ta kurkure a gaban jama'a. In wani ya fara cewa ai shi tun kakanninsa da asuwaki aka san su, sai ta kwance haɓar gyale ta ɗora masa haƙorin a tafin hannu, ƙarfen na walƙiya, baƙar saiwar na manne.

"Ni ma haka nic ce," take cewa. "Dibi sama, dibi ƙasa. Sannan ka dibi huskata."

Ba a cika yin musu bayan nan ba.

Wata ranar asibiti, bayan an watse ana jiran layin awo, wata mata daga wajen Bukkuyum ta matso kusa da ita. Hawwa'u sunanta, kuma tun safe gyalenta na kan bakinta. Ta duba hagu da dama, ta ɗan janye gyalen. Nata a hagu yake.

"Hajiya, in cire ko in bari?"

"Nan za a cire miki in cirewa ta kama, bayan an auna an ga sugan ya sauka. Ba wanzami, ba aska. Kina jina?"

"Na ji. To giɓin hwa? An ce yanzu giɓi suka diba."

Habsu ta juya haƙorin da ke hannunta, ta mayar da shi cikin gyale ta ƙulle.

"Na baki shi nis sani," ta ce. "Na hanya ban san shi ba. Na taɓa cewa na sani." Ta ɗago ta dubi matar. "Wa yak kawo ki?"

"Ɗana. Shina nan waje bisa mashin, sauri shikai mu koma tun da rana."

Habsu ta dafa benci ta miƙe, ta taka har bakin ƙofar asibitin. Ga shi can a inuwar katanga, saurayi dogo da hula a karkace, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana shan rake, babur na ta kuka a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Hawwa'u ta biyo ta ta tsaya a bayanta.

"Ɗiya nawa gare ki?"

"Shi ɗai na."

"Yau ba ku komawa," in ji Habsu, ba ta juyo ba. "Ɗakina ya ishe mu ni da ke, shi kuma akwai zaure. Je ki ce mishi shi kashe mashin ɗin nan."